Tarihin Wa'azin Kirista a Ƙasar Kano da Yankin Wudil

Wa'azi shi ne jigon sujadar Kirista, musamman a ikilisiyoyin da ba na Katolika ba, inda karanta Littafi Mai Tsarki da bayyana ma'anarsa ke cin kaso mafi girma na taron ranar Lahadi. A ƙasar Kano wannan aiki bai bi hanyar da ya bi a kudancin Nijeriya ba. An hana shi kasuwa da dandali tun daga farko, sai ya shiga ta asibiti da makaranta da ƙauyukan Maguzawa, kuma yawancin waɗanda suka ɗauke shi 'yan ƙasa ne masu magana da Hausa.

Yunƙuri na farko da aka sani sosai shi ne na shekarar 1900, lokacin da Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano da abokan tafiyarsa, cikinsu har da likita Walter Miller. Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addinin Musulunci ba, kuma jami'an mulkin mallaka suka ɗauki wannan a matsayin dalilin tsare 'yan mishan daga shiga masarautu. Coci-cocin farko a Kano na Sabon Gari ne, na ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa baƙi, wa'azinsu da Yarbanci da Turanci, daga baya da Ibo.

Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Abin da ya fi tasiri a aikinsa shi ne fassara. Wani Bajamushe, James Frederick Schön, ya riga ya fassara sassan Linjila tun tsakiyar ƙarni na 19, amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Daga nan mai wa'azi ya samu abin da zai buɗe a gaban jama'a, har a Filato da kudancin Zariya inda Hausa ba harshen gida ba ce. Akwai kuma labarin Isawa, mabiyan wani malami mai suna Ibrahim da aka kashe a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda yadda ya fifita Annabi Isa a karantarwarsa. Almajiransa sun watsu wajen Ningi, kuma a 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Miller, aka kafa musu mazauni a Gimi. Ciwon barci ya yi wa garin ɓarna, waɗanda suka rage suka koma Zariya. Daga irin waɗannan gidaje aka samu masu wa'azi Hausawa na farko.

Yankin Wudil ya shigo labarin ne a shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bayan Gwamna Donald Cameron ya sassauta takunkumin. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka soma a 1893, ta samu izinin buɗe tasha a Garko, maƙwabciyar Wudil ta kudu, kusa da ƙauyukan Maguzawa. A 1937 kuma ta karɓi kula da gidajen kutare na En'e: na Kano da aka fara a Sumaila sannan aka mayar Yadakunya, na Katsina a Babbar Ruga, na Sakkwato a Amanawa. A nan ne wa'azi ya samu masu sauraro na dindindin, domin majinyaci kan yi shekaru yana karɓar magani, yana koyon karatun boko, yana jin addu'ar safe kullum. Da sabon maganin kuturta ya yawaita a shekarun 1950, aka riƙa sallamar mutane da yawa, wasunsu suka koma garuruwansu da Littafi a hannu, suka zama malaman ɗakin magani ko masu bishara. Ko wannan hanya ta yi adalci ga mara lafiya da ba shi da wani wurin zuwa, magana ce da sarakuna suka tayar tun a lokacin, kuma tana da nauyi. Asibitin ido na Kano, wanda aka buɗe a 1943, ya bi tsari iri ɗaya.

Mutumin da tarihin ya fi mantawa shi ne mai bishara na ƙauye. Ba fasto ba ne, sau da yawa iliminsa na makarantar Littafi ne ta Hausa, irin ta Tofa ko ta Kagoro. Yana noma gonarsa kamar kowa, jama'a na taimaka masa da hatsi lokacin godiyar kaka. Shi ke koyar da karatu da yamma, shi ke sasanta ma'aurata, shi ke tsayawa a bakin kabari. Wa'azinsa cike yake da karin magana da misalan shuka da girbi, tsakanin waƙoƙin Littafin Waƙoƙi da kiɗan ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci. A tsakanin Maguzawa batutuwan da ya fi taɓawa su ne bori, giya, tsafi da auren mata da yawa, kuma a kansu aka fi samun saɓani cikin gida ɗaya. Da aka kafa ikilisiyar ECWA a 1954, wannan aiki ya koma hannun 'yan ƙasa a hukumance, ta hanyar ƙungiyarta ta masu bishara, EMS.

Rediyo ya faɗaɗa abin. Tashar ELWA ta Laberiya, wadda ta fara aiki a 1954, ta riƙa watsa shirye-shiryen Hausa, haka ma Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos. A shekarun 1960 shirin Sabon Rai Don Kowa ya fitar da wa'azi daga hannun malaman coci kaɗai, ya ɗora shi a kan kowane mai bi, ana fita ƙungiya-ƙungiya da waƙa zuwa ƙauyuka.

Wa'azin fili kuwa ya ci gaba da zama abu mai wuyar sha'ani. A Oktoban 1991 shirin taron mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke a Kano ya haddasa tarzomar da ta ci rayuka da dukiya, aka soke taron. Tun daga nan yawancin wa'azi a jihar a cikin harabar coci ake yin sa. Ɗariƙar Angilikan ta kafa dayosis na Kano a 1980, daga baya ta ƙara na Bari a ƙasar Rogo domin Hausawa Kiristoci na karkara, Katolika kuma ta samu cikakken dayosis na Kano a 1999. A garin Wudil kansa masu sauraro sun sauya: Makarantar Horar da 'Yan Sanda da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote sun kawo ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasar, don haka Turanci ya fi yawa a mumbari, yayin da ƙauyukan Garko da Sumaila ke riƙe da Hausa.