Idin Bukkoki (Sukkot)

Sukkot, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira Idin Bukkoki, shi ne na ƙarshe cikin bukukuwa uku da Attaura ta wajabta wa mazan Bani Isra'ila zuwa Haikali a Urushalima, bayan Pesach da Shavuot. Yana farawa ran 15 ga watan Tishri, wato a Satumba ko Oktoba, kwana biyar bayan azumin Yom Kippur. Ana yin sa kwana bakwai, sai rana ta takwas, Shemini Atzeret, ta biyo baya da hukuncinta daban.

Asalinsa bikin kaka ne, na lokacin da aka gama tara inabi da sauran amfanin gona. Sai dai a ƙasar Isra'ila damina a bayan kaka take zuwa, saɓanin yadda muka sani, shi ya sa godiyar girbi da roƙon ruwa suka haɗu a biki ɗaya. Littafin Firistoci, sura ta 23, ya ƙara masa ma'ana ta biyu: a zauna cikin bukkoki don tuna zaman jeji bayan fitowa daga Masar. A wannan idin ne aka keɓe Haikalin Sulaiman, kuma Littafin Nehemiya ya ba da labarin yadda waɗanda suka dawo daga bautar Babila suka kakkafa bukkoki a kan soraye da tsakar gidaje.

Zamanin Haikali na biyu ne bikin ya kai ganiyarsa, har idan aka ce "Idin" kawai, shi ake nufi. Ana yanka bijimai 70 cikin mako: 13 a ranar farko, ana rage ɗaya kullum har zuwa 7. Kowace safiya a ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam a tulun zinariya a zuba a bagade, da dare kuma a kunna manyan fitilu, dattawa su yi ta rawa da wuta a hannu. Zubar ruwan nan ba ta cikin rubutacciyar Attaura, don haka ta zama abin saɓani tsakanin Farisiyawa da Sadukiyawa. Taron ma ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. Marubucin tarihi Josephus ya ruwaito cewa jama'a sun taɓa jifar sarki Alexander Jannaeus, wanda ya yi mulki daga 103 zuwa 76 kafin haihuwar Annabi Isa, da lemon idin da ke hannunsu yana tsaye a bagade, shi kuma ya sa aka kashe dubbai.

Da Rumawa suka rushe Haikali a shekara ta 70, hadaya ta tsaya, ziyarar ta yanke. Abin da ya tsirar da idin shi ne rabinsa ba ya buƙatar Haikali. Malamin Yahudawa Yohanan ben Zakkai ya hukunta a riƙa ɗaukar tsirrai huɗu na idin duk kwana bakwai a ko'ina, alhali a da a Haikali kaɗai ake haka. Tsirran su ne reshen dabino, lulav. Wani babban lemo mai ƙamshi, etrog. Rassa uku na hadas. Da biyu na arava, itacen bakin rafi. Ana girgiza su gabas da kudu da yamma da arewa, sama da ƙasa.

Mishna, tarin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200, ta bi bukkar dalla-dalla. Kada tsayinta ya wuce kamu 20, kada ya gaza faɗin tafi 10. Bango aƙalla uku. Rufi kuwa sai da tsiron da aka yanko, kuma inuwa ta rinjayi rana. A ciki ake cin abinci, wasu har kwana, amma idan ruwan sama ya matsa, an yarda a koma ɗaki, domin ba a nemi mutum ya wahala ba. Malaman farko sun yi gardama ko bukkokin jeji na gaske ne ko gizagizan da suka yi wa jama'a inuwa, Talmud kuma ya adana ra'ayoyin biyu.

Sauran al'adun daga baya suka shigo. Yahudawan Babila, da suke sauke Attaura a shekara ɗaya, su ne tushen Simchat Torah, ranar da ake rawa da naɗaɗɗun littattafai a kammala karatu a sake farawa nan take. A Isra'ila ana haɗa ta da rana ta takwas, a ƙasashen waje tana zuwa washegari. Gayyatar kakanni bakwai, tun daga Ibrahim, su zama baƙin bukka, daga littafin Zohar ta fito, a Sifen ta ƙarni na 13. Samariyawa kuwa har yau suna hawa Dutsen Gerizim kusa da Nablus, kuma a cikin ɗaki suke kafa bukkarsu, rufinta shaƙe da 'ya'yan itatuwa.