Fa'idar Horon Aiki ga Ɗalibai 'Ya'yan Hausawan Jazira: Nazari daga Rufa'a

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa horon aiki da ɗalibi kan yi kafin ya karɓi shahada, ko da yake jama'a sun fi ganin fa'idarsa ta fuskar ƙwarewar hannu, mafi ɗorewar amfaninsa ga ɗan ƙauyen Hausawa a Jazira ta Sudan shi ne samun wanda zai shaide shi.

Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe Gandun Jazira, Hausawa da yawa daga zuriyar mahajjata da ta waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 sun shiga gandun ne a matsayin 'yan ƙodago, suna tsinkar auduga a hawashar wani, wato gonarsa ta cikin gandun, suna zaune a kambo, wato sansanin 'yan ƙodago, a gefen ƙauyuka, alhali ofisoshin Barakat, inda ake yanke hukunci a kan ruwa da iri, suna hannun wasu. Saboda haka ɗansu da ya kai jami'a ya kan fito da ilimi, amma ba shi da kawu ko suruki a ma'aikata da zai ce, "Na san shi."

A nan ne tsarin Jami'ar Jazira, wadda aka kafa a Wad Madani a 1975, ya cancanci a tsaya a kansa, domin Kulliyar Likitancinta ta shahara da fitar da ɗalibai zuwa karkara tun suna tsakiyar karatu. Ɗalibin da ya kwana a ƙauye, ya bi gida gida yana tambayar inda ake ɗebo ruwan sha, ya ga yara suna wanka a magudanar Abu Ishirin wadda dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ke maƙale a ciyawar bakinta, sa'an nan ya dawo ya karanta rahotonsa a gaban malamin da ya raka shi, haƙiƙa ya sami abu biyu: fahimtar cutar a muhallinta, da malamin da ya ga aikinsa da idonsa, wanda kalmarsa za ta bi shi zuwa shekarar imtiyazi, wato ta horon sabon likita a asibiti, har bayanta. Ga Bahaushe kuwa akwai ƙari, domin a kambo shi ne mai jin harshen majinyaci, kuma abokan karatunsa, waɗanda gobe su ne shugabannin asibitoci, ba su kan manta da wanda ya yi musu tafinta ba. Malamanmu na da sun san wannan sirri, shi ya sa ijaza, wato shaidar karatu, ba ta samuwa sai da mulazama, wato daɗewa a gaban malami, kuma darajarta na ga sunan shehin da ya bayar da ita.

Ita ma Jami'ar Ahfad, wadda asalinta makarantar 'yan mata ce da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta wajabta wa ɗalibanta fita karkara.

Abin da ke damun mai wannan nazari shi ne yaƙin da ya ci Wad Madani da Rufa'a a Disamba 2023, wanda ya tarwatsa malamai da asibitoci da ma'aikatu irin masana'antar sukari ta Junaid. Ɗan mai hali ya iya ƙarasa horonsa a Masar ko Saudiyya. Ɗan kambo bai iya ba. Lallai ne Jami'ar Jazira da ta Butana, yayin da suke sake tsayawa da ƙafafunsu, su fara da rarraba guraben horo da kansu, kada su bar ɗalibi ya nemo wa kansa gurbi ta hanyar sanayya.