Sabbin Masu Bi na Buganda da Shekarun da Babu Firist

A cikin watan Nuwamba na shekarar 1882 firistocin Katolika da ke zaune a ƙasar Buganda, cikin Yuganda ta yau, suka ɗaure kayansu, suka shiga jiragen ruwa, suka haye zuwa kudancin tafkin Biktoriya. Sun bar mutum wajen ashirin da aka yi wa baftisma, da waɗansu ɗaruruwa masu koyon katekizim. Ba su dawo ba sai watan Yuli na 1885. Wato shekara biyu da wata takwas ba a yi Misa ko sau ɗaya a ƙasar ba, ba mai jin furcin zunubi, ba mai ba da Tarayya Mai Tsarki. Idan ana ba da labarin Shahidan Yuganda akan yi saurin wuce waɗannan shekaru domin a kai ga wutar Namugongo. Amma wanda yake so ya gane yadda samarin da suka karɓi baftisma jiya-jiya suka iya tsayawa gaban sarki, to, a nan ya kamata ya dakata.

Buganda babbar masarauta ce mai tsari, da sarki wanda ake kira Kabaka, da waziri, da hakimai, da rundunar jiragen yaƙi a kan tafki. Fatake Musulmi daga Zanzibar sun riga kowa isa can, tun wajen 1844. 'Yan mishan na Anglikan suka zo a 1877. Ran 17 ga Fabrairu 1879 kuma Fada Simeon Lourdel da Ɗan'uwa Amans suka sauka, su ne na fari daga ƙungiyar da Kadinal Lavigerie ya kafa, wadda ake kira Fararen Ubanni saboda farar rigarsu. Ita ce ƙungiyar da daga baya ta buɗe mishan a Wagadugu da Navrongo. Mutanen Buganda suka laƙaba wa Lourdel suna Mapeera, daga yadda suka ji ana kiransa da Faransanci.

Kabaka Mutesa na Ɗaya mutum ne mai wayo. Ya karɓi kowa, ya sa malamai su yi muhawara a gabansa, bai kuwa miƙa wuya ga kowa ba. Bai yarda baƙin su yi nisa da gidansa ba, saboda haka waɗanda suka fara jin wa'azi su ne fadawa da yaran sarki, wato samarin da hakimai ke aikowa domin su yi hidima su koyi sarauta. Waɗannan samari sun san abin da bin sabon addini zai iya jawowa. Tun kafin zuwan Kirista, Mutesa ya sa an kashe samari Musulmi da dama, domin sun ƙi cin naman da mahautansa suka yanka, sun kuma ƙi bin sa salla. An ƙone waɗansunsu a Namugongo ɗin nan.

Lavigerie ya kafa wa firistocinsa doka mai tsanani: mutum ya yi shekara huɗu yana koyo kafin a yi masa baftisma, sai fa in yana bakin mutuwa. Da yawa sun ga dokar ta yi nauyi, har su firistocin ma sun yi wa waɗansu baftisma kafin cikar wa'adin. Duk da haka dokar ta haifi wani abin da ba a yi zato ba. Da yake jiran yana da tsawo, littattafai kuma kaɗan ne, sai masu koyo suka haddace katekizim da addu'o'i, wanda ya riga ya koya kuma ya zama malamin na bayansa. Sa'ad da firistoci suka tashi, don tsoron makircin da suka ji ana ƙulla musu, wannan al'ada ce kaɗai suka bari a baya.

Masu bi suka rabu gida-gida, kowane rukuni da shugabansa. A cikin gidan sarki akwai Yusufu Mukasa Balikuddembe, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda aka yi wa baftisma ran 30 ga Afrilu 1882. Shi ne mai hidimar Mutesa na kusa, shi da Yohanna Mariya Muzeyi suka yi jinyar sarkin a ciwon ajalinsa. Yakan tara yaran sarki ya koya musu, yakan kuma fanshi bayi da abin hannunsa. A bayan gari akwai Andarawus Kaggwa, mutumin Bunyoro da aka kamo bawa yana yaro, ya taɓa yin Musulunci, ya zama makaɗin sarki har ya kai ga shugabancin makaɗa. Da annoba ta shiga gari, mutane suka riƙa jefar da marasa lafiya don tsoro, Kaggwa ya kwashe su zuwa gidansa, ya yi jinyarsu, ya koya musu, ya yi wa masu mutuwa baftisma, ya binne su. Matarsa ma ta bi shi cikin bangaskiya.

Rukuni na uku yana Mityana, tafiya mai nisa yamma da babban birni, a gidan Matiyas Kalemba. Labarinsa ya cancanci a tsaya a kai, gama shi ba yaro ba ne. Dattijo ne mai kimanin shekara hamsin, mai muƙami a ƙarƙashin hakimin Ssingo, mai yanke shari'a, mai mata da yawa. An kamo shi daga Busoga tun yana ƙarami. Ya nemi gaskiya wurin Musulmi, ya saurari Anglikan, kafin ya tsaya wurin Katolika. Kafin baftismarsa a watan Mayu na 1882 sai da ya sallami matansa duka ban da ɗaya, ya kuma ci gaba da ɗaukar nauyinsu. Sau da yawa akan faɗi wannan cikin jimla guda kamar abu mai sauƙi. Ba mai sauƙi ba ne, ko gare shi ko ga matan, a ƙasar da mata ne ke noman ayaba, yawansu kuma shi ne arzikin mutum da girmansa. Kalemba ya daina karɓar toshiyar baki a shari'a. Aka ga babban mutum yana riƙe da fartanya, yana ɗaukar kayansa da kansa, tsofaffin abokansa suna yi masa dariya. Tare da shi akwai Luka Banabakintu da Nuhu Mawaggali, maginin tukwane kuma majemi. A lokacin da akwai firistoci a birni, mutanen Mityana sukan aiki ɗayansu ya taka da ƙafa ya saurari wa'azi, ya riƙe shi a ka, ya komo ya maimaita wa sauran.

Ba kowa ne ya jure ba. Akwai waɗanda suka koma ga bokaye sa'ad da ciwo ya shiga gida, akwai waɗanda iyaye suka janye. Amma da Lourdel ya dawo a 1885, bisa gayyatar sabon sarki, ya tarar masu koyo sun ƙaru ƙwarai a kan yadda ya bar su, yawancinsu kuwa ba su taɓa ganin firist ba.

Mutesa ya rasu a watan Oktoba na 1884, ɗansa Mwanga, mai shekara wajen goma sha takwas, ya gaje shi. Adalci ne a faɗi cewa tsoron Mwanga ba na banza ba ne duka. A 1885 Jamusawa sun fara kafa tuta a ƙasashen da ke wajen gaɓar teku, Masar ta daɗe tana leƙowa daga arewa, kowane sarki mai hankali zai tambayi kansa ko masu wa'azi ba su ne 'yan share fage ba. Ga waziri da tsofaffin hakimai suna ganin samarin Kirista za su ƙwace musu muƙamai, musamman bayan da Yusufu Mukasa da Kaggwa suka tona wani makirci da aka ƙulla wa sarki. Akwai kuma abu na uku: Mwanga yana neman yaran gidansa da lalata, Mukasa kuwa yana ɓoye su, yana koya musu su ƙi. A Buganda ba a saba jin yaron sarki ya ce wa Kabaka a'a ba, ko a kan mene ne.

Ran 29 ga Oktoba 1885 aka kashe bishop na Anglikan, James Hannington, a Busoga bisa umarnin Mwanga, domin ya biyo ta gabas, hanyar da mutanen Buganda ke ɗauka ƙofar bayan ƙasarsu ce. Yusufu Mukasa, ɗan Katolika, ya tsawata wa sarki a kan jinin wannan baƙo ɗan Anglikan. Ran 15 ga Nuwamba aka fille masa kai, aka ƙone gawarsa. Kafin ya mutu ya aika a gaya wa sarki ya gafarta masa, amma ya tuba. A daren nan samari suka riƙa satar jiki zuwa mishan suna roƙon baftisma, suna cewa ba su so su mutu ba tare da ita ba. Firistoci suka ajiye dokar shekara huɗu. Cikin ɗan lokaci aka yi wa sama da mutum ɗari baftisma, a cikinsu har da Charles Lwanga, wanda ya ɗauki aikin kula da yaran sarki bayan Mukasa.

Wata shida suka biyo baya na zaman ɗar-ɗar. Gidan sarki ya ƙone a watan Fabrairu na 1886, Mwanga ya koma Munyonyo a bakin tafki. Wata gimbiya, Kalara Nalumansi, 'yar Mutesa, ta ƙone layu da kayan tsafin da aka ba ta tsaro, abin ya girgiza gari. Ran 25 ga Mayu sarki ya dawo daga farauta bai sami yaran da za su tarye shi ba, ya ji cewa Denis Ssebuggwawo yana koya wa ɗan waziri katekizim. Ya soke shi da mashi, ya miƙa shi ga hauni. Aka rufe ƙofofi. A daren, da yake ba hanyar zuwa wurin firist, Lwanga ya ɗebi ruwa ya yi wa masu koyo biyar baftisma da hannunsa, kamar yadda Ikilisiya ta yarda kowane mai bi ya yi a lokacin hatsari, kamar kuma yadda Kaggwa ya yi a kwanakin annoba. Ƙaraminsu shi ne Kizito, ɗan shekara goma sha huɗu ko ƙasa da haka. Shi kansa Lwanga bai cika wata bakwai da baftisma ba.

Da gari ya waye Mwanga ya tara yaransa, ya ce masu yin addu'a su ware gefe guda. Suka ware, Katolika da Anglikan tare. Lourdel ya zo ya tsaya a waje yana neman ganin sarki, ya ga an wuce da su a ɗaure, bai iya yin komai ba. A ranar aka kashe Kaggwa, waziri ya ce ba zai ci abinci ba sai an kawo masa hannunsa. Aka kashe waɗansu a hanya. Matiyas Kalemba aka datse masa hannuwa da ƙafafu, aka ɗaure jijiyoyin don kada ya mutu da wuri, aka bar shi cikin ciyawa har kwana uku. Sauran aka tsare su a Namugongo wajen mako guda ana tara itace. Ran 3 ga Yuni, wadda ta zo daidai da idin Hawan Yesu Sama, aka ƙone Lwanga shi kaɗai a kan wuta mai ci a hankali, sa'an nan aka naɗe sauran cikin asabari na kara aka jera su a kan babban tarin itace. A cikinsu akwai Mbaga Tuzinde, ɗan gidan shugaban haunin kansa, wanda danginsa suka yi kwanaki suna lallashi ya ƙi. Uban ya sa aka buge shi a ƙeya tukuna don kada ya ji wutar.

Ikilisiyar Katolika ta ƙidaya shahidai 22, na ƙarshensu Muzeyi, wanda aka kashe ran 27 ga Janairu 1887. Anglikan suna ƙidaya 23. Paparoma Benedict na 15 ya sa su cikin masu albarka a 1920, Paparoma Bulus na 6 ya ayyana su tsarkaka ran 18 ga Oktoba 1964, bai kuwa manta da ambaton 'yan Anglikan a wa'azinsa ba. Masu bi da yawa sun ɓuya ko sun gudu a wannan lokaci, ba kuwa laifi suka yi ba, su ne ma suka riƙe Ikilisiya bayan haka. Mwanga ya mutu a gudun hijira a tsibiran Seshel a 1903. Lourdel ya riga shi, a 1890, bai kai shekara arba'in ba.

Akwai wahalar da ba a cika wa'azi a kanta ba, ita ce ta waɗanda suka rage. Denis Kamyuka yana cikin yaran da aka kai Namugongo, aka naɗe shi kamar sauran, a ƙarshe aka janye shi aka bar shi da rai. Ya yi kuka domin an raba shi da abokansa. Daga bakinsa ne aka sami yawancin abin da aka sani game da makon nan na ƙarshe, ya kuma rayu har ya je Roma a 1920.

Sai kuma Munaku, 'yar'uwar Nuhu Mawaggali. Ran 31 ga Mayu mayaƙan sarki suka isa Mityana, Nuhu ya fito ya tarye su don sauran su sami zarafin gudu, aka soke shi, aka ɗaure shi a jikin itace, aka sakar masa karnuka. Munaku, wadda ko baftisma ba a yi mata ba tukuna, ta fito daga maɓoyarta ta ce a kashe ta ita ma. Shugaban mayaƙan ya ga kyanta, ya tafi da ita don ya aure ta. Ta ƙi, ya sa ta a turu, ta ƙi. Da ya gaji sai ya karɓi fansa daga hannun Lourdel ya sake ta. Aka yi mata baftisma da sunan Mariya Matilda. Ba ta yi aure ba. Ta riƙi marayu a mishan, daga baya ta shugabanci matan da ke noma da dafa wa ɗaliban makarantar firistoci abinci, makarantar da ta fitar da firistoci biyu na fari 'yan ƙasa, Basil Lumu da Victor Mukasa, a 1913. Ta rasu a 1934, shekara arba'in da takwas bayan ɗan'uwanta.