Wa Ke Riƙe da Alƙalamin 'Yar Aiki? Daga Misisifi Zuwa Arewa

A 2009 Kathryn Stockett ta fitar da littafinta The Help, labarin Aibileen da Minny, baƙaƙen mata masu aikatau a gidajen Turawa a birnin Jakson na jihar Misisifi, farkon shekarun 1960. Littafin ya samu kasuwa, fim ya biyo baya a 2011. A shekarar ce ƙungiyar baƙaƙen mata masana tarihi ta Amurka ta fito ta soke shi, bisa hujjar cewa ya sassauta cin zarafin da matan suka sha a hannun masu gida. Sukar tana da tushe. A cikin labarin ma budurwa Baturiya, Skeeter, ita ke tattara maganganun 'yan aikin ta mai da su littafi. Matan da dokar fansho ta 1935 ta tsallake da gangan, matan da suka yi fiye da shekara suna zuwa aiki a ƙasa lokacin ƙaurace wa motocin safa na Montgomery daga Disamban 1955, sai ga su suna jiran wata ta ara musu baki.

Mai karatu a Dogon Dutsi ko Tibiri zai iya cewa wannan rigimar Amurkawa ce. Ni ina ganin ta shafe mu, har ma tamu ta fi wuyar kamawa.

Ƙasar Arewa ta Nijar ta shiga adabin duniya ta ƙofar Lugu, garin Sarauniya Mangu. Abdoulaye Mamani ya wallafa Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Labarin tsayin dakan Sarauniya Mangu ne gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, kuma ya cancanci yabon da ya samu. Amma rundunar nan tana jan ɗaruruwan mata da ta kamo a garuruwan da ta ƙona. Su ke daka, su ke ɗebo ruwa, su ke tuƙa tuwon sojojin da suka kashe musu maza. Idon littafin yana kan sarauniya da hafsoshin Faransa, waɗannan mata kuwa a gefen hoto suka tsaya. Haka yake a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933: uwar Umar ta faɗa bauta tana neman ɗanta, amma wahalarta ta bakin ɗan, malami mai almajirai, take iso mana.

Abin mamaki, inda ubangida Bature ne alƙalamin Afirka bai yi nauyi ba. Ferdinand Oyono ya bai wa boyi Toundi littafin sirrinsa a Une vie de boy tun 1956, Sembène Ousmane kuma ya bi Diouana daga Dakar har Antibes a fim ɗinsa na 1966. Zargin baƙo yana da sauƙi. Matsalar tana tasowa ne idan uwargida da 'yar aiki launinsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, abin da ya raba su asali ne ko talauci. A Misisifi doka ta shata iyaka a fili, har makewayi daban. A nan kuwa sai a ce yarinya 'yar gida ce. Ita ce mai tashi kafin asalatu ta hura wuta, ita ke cin ƙanzon tukunya bayan kowa ya ƙoshi, kuɗin aikinta kuma a hannun matar da ta kawo ta daga ƙauye yake sauka. Marubucin da zai ba da labarinta sau da yawa a irin gidan ya tashi.

Shi ya sa muryar da ta fi fitowa sarai a yankinmu daga kotu ta fito. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jaka 240 na sefa, ta zama wahayya, wato baiwar da ubangida ke riƙe da ita kamar matarsa, a ƙasar Ƙonni, maƙwabciyar Arewa. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003, ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoban 2008 ta samu gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta kuma umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Ba ina cewa wanda bai taɓa aikatau ba ya ajiye alƙalami. Mary Smith ce ta wallafa Baba of Karo a 1954, amma ta ja da baya ta bar tsohuwar, wato Baba, ta yi maganarta, har da ta bayin rinjin gidansu. Abin da ya kamata mai nazari ya tambayi kowane littafi ko fim ɗin Hausa mai 'yar aiki shi ne: wa ke ba da labarin, kuma idan uwargida ta fita unguwa, kyamara tana bin ta ne ko tana tsayawa a madafa?