Ranar da Masu Sarautar Ingila Suka Yi Fatali da Kasafin Kuɗi

Yau Ingila zan kai ku, shekarar 1909. Ministan kuɗi Lloyd George ya kawo kasafin da zai ƙara wa attajirai haraji, har da na filaye, don biyan fanshon tsofaffi, sule 5 a mako ga ɗan shekara 70. Majalisar wakilai ta shafe watanni tana tankaɗe da rairaya, ta amince. Sai majalisar masu sarauta ta yi fatali da shi, ƙuri'a 350 da 75. Ni dai ban yi mamaki ba, ai filayen nasu ne! Zaɓe biyu aka yi a 1910, sannan dokar 1911 ta hana su riƙe dokar kuɗi fiye da wata guda.