Addu'a ga Mamaci: Tarihin Aƙidar Furgatori da Yadda Ta Iske Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabartar Tarauni, ko ta Gyaɗi-Gyaɗi da ke kan titin Kotu, ya san cewa ba a watsewa da zarar an gama mayar da ƙasa. Sai liman ya ce a yi wa mamaci addu'a, a roƙa masa tabbata wajen amsa tambaya, a karanta Ƙulhuwallahu, a shafa Fatiha. Daga nan a koma ƙofar gida zaman makoki, inda kowane mai gaisuwa zai ce Allah ya ji ƙansa, Allah ya kyauta makwanci, ya sa ya huta. Bahaushe ba ya ambaton wanda ya rasu ba tare da ya liƙa masa addu'a ba, har abin ya zama wani ɓangare na ginin maganarsa. Ƙarƙashin wannan ɗabi'a kuwa akwai imani guda, watau cewa abin da rayayye ya yi yana iya amfanar wanda ke kwance a kabari. A kan wannan imani ne Kiristocin Turai suka rabu biyu a ƙarni na 16, kuma shi ne tushen aƙidar da 'yan Katolika suke kira Furgatori. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun aƙidar tun daga mafarinta har zuwa shigowarta Kano, da nuna dalilin da ya sa harshen Hausa, duk da yalwar kalmominsa na lahira, bai tanadar mata suna ba.

Abin da Cocin Katolika yake koyarwa, kamar yadda ya zo a Katikizim ɗinsa na 1992, sakin layi na 1030 zuwa 1032, shi ne: wanda ya mutu cikin yardar Allah amma da sauran dauɗar ƙananan zunubai a tare da shi, tsirarsa ta tabbata, sai dai za a tsarkake shi tukuna kafin ya shiga Aljanna. Addu'ar masu rai da sadakarsu, da kuma Misa, watau babbar ibadarsu ta hadaya, suna taimakonsa a wannan hali. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Furgatori ba dama ce ta biyu ba ga wanda ya halaka. Ƙofarta ɗaya ce, kuma Aljanna take fuskanta.

Hujjar da aka fi kafawa da ita tana cikin Littafin Makabiyawa na Biyu, sura ta 12. A can aka ba da labarin Yahuza Makabi, wani jarumin Yahudawa na ƙarni na 2 kafin haihuwar Almasihu, wanda ya je kwashe gawawwakin mayaƙansa ya tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu. Sai ya tara kuɗin azurfa dirhami 2,000 ya aika Urushalima domin a yi hadayar neman gafara a madadinsu. To amma wannan littafi ba ya cikin littattafan da Yahudawa suka tabbatar, kuma za mu ga yadda wannan ya zama babban al'amari daga baya, har a nan ƙasar Hausa.

Wani abin sha'awa ga ɗan Afirka shi ne, wasu daga cikin shaidu mafi tsufa na yi wa matattu addu'a a cikin Kiristanci daga arewacin nahiyarmu suka fito. Tartuliyan, malamin birnin Kartaj a Tunisiya ta yau, ya rubuta wajen shekarar 211 cewa Kiristoci suna miƙa hadaya domin matattunsu duk ranar zagayowar mutuwarsu, kuma ya ɗauki abin a matsayin al'adar da aka gada. A wannan birni ne, a 203, wata matashiya mai suna Perpetua, tana tsare a kurkuku tana jiran a kashe ta saboda addininta, ta yi mafarkin ƙanenta Dinocrates, wanda ciwon fuska ya kashe yana ɗan shekara 7. Ta gan shi cikin duhu da ƙishirwa, ga kwarmin ruwa a gabansa amma bakinsa ya fi ƙarfin tsawonsa. Ta duƙufa roƙo dare da rana, har ta sake ganinsa fes, ciwon ya warke, yana sha yana wasa. Sa'an nan ga Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya, wanda mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya ta ƙasar Italiya a 387, bayan ta yi wa 'ya'yanta wasiyya cewa su binne ta ko'ina, su dai riƙa tunawa da ita a wurin hadaya. Agustin ya kasa matattu: akwai nagartattu ƙwarai waɗanda ba su bukatar roƙo, akwai miyagu ƙwarai waɗanda roƙo ba ya yi musu amfani, sai kuma na tsakani. Su waɗannan na tsakani, waɗanda galibin 'yan Adam ke cikinsu, su ne aka yi shekara ɗaruruwa ana neman inda za a ajiye su.

Ke nan aiki ya riga aƙida. An daɗe ana addu'ar kafin a tsara bayanin abin da take yi. Fafaroma Giregori Babba, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya ƙara wa al'adar ƙarfi da labarin wani mai zaman zuhudu, Justus, da aka samu ya ɓoye tsabar zinariya uku, aka yi masa Misa kwana 30 a jere, ya bayyana ga ɗan'uwansa ya ce an sake shi. Odilo, shugaban gidan zuhudu na Cluny a Faransa, shi ya ware ranar 2 ga Nuwamba domin tunawa da dukkan matattu, wajen farkon ƙarni na 11. Amma kalmar kanta ta makara. Masanin tarihi Jacques Le Goff, a littafin da ya wallafa a 1981 kan haihuwar Furgatori, ya nuna cewa sai tsakanin 1170 da 1180 kalmar ta fito a Latin a matsayin sunan wuri. Kafin nan sifa ce kawai, ana cewa wuta mai tsarkakewa. Ya danganta wannan da bunƙasar birane da fatauci, lokacin da Turawa suka koyi lissafin bashi da riba har suka kai shi lahira. Wasu masana sun ce ya wuce gona da iri wajen rataya komai a kan kalma ɗaya, kuma ina ganin suna da gaskiya, amma ɗalibin harshe ba zai raina lokacin da sifa ta rikiɗe ta zama suna ba. Majalisar Lyon ta 1274 da ta Florence ta 1439 suka sanya aƙidar a rubuce.

Lissafin nan ne ya jawo rigima. Da aka fara sayar da takardun sassauci, waɗanda ake cewa suna rage wa mamaci zaman tsarkakewa, domin tara kuɗin ginin Cocin Bitrus a Rum, sai Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a Jamus a 1517. Daga sukar ciniki aka kai ga sukar aƙidar ɗungum. 'Yan Furotesta suka ce imani kaɗai ke tserar da mutum, hukunci kuma yana yankewa da fitar rai, suka fitar da Makabiyawa daga jerin littattafan da ake kafa hujja da su. Majalisar Trent ta mayar da martani a Disamba 1563: ta tabbatar da Furgatori da amfanin roƙo, amma ta umarci bishop-bishop su hana wa'azin da ke cike da tatsuniya da camfi da neman abin duniya. A 1567 Fafaroma Pius na Biyar ya soke duk wani sassauci da aka haɗa da biyan kuɗi. A zamaninmu kuma, Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana a 1999 cewa Furgatori hali ne na rai, ba wani wuri mai iyaka ba.

Yanzu sai mu dawo gida. Limaman Katolika na farko da aka san sun taka ƙasar Hausa su ne Carlo da Genova da abokin tafiyarsa Severino, 'yan ɗarikar Faransis, waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus suka rasu a Katsina a 1711 ba tare da sun kafa komai ba. Waɗanda suka fara mayar da Kiristanci cikin Hausa da gaske 'yan Furotesta ne. Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller sun iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Miller ya zauna a Zariya, kuma da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, mai littattafai 66, babu Makabiyawa a ciki. 'Yan Katolika kuwa, ta hannun ƙungiyar SMA, sun kafa sansani a Shendam a 1907. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari, sai mabiyansu daga kudu suka taru a can, kuma da yake Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, cocin ya daɗe yana magana da Turanci da harsunan kudu fiye da Hausa. Sistocin St. Louis sun zo a 1948. Kano ta zama yankin mishan mai cin gashin kansa a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999 a ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, wanda Bishop John Namaza Niyiring ya gada a 2008. Sai da wa'azi ya shiga ƙauyukan Maguzawa sosai bukatar bayyana aƙidar da Hausa tsantsa ta zama tilas.

A nan ne matsalar take. Kalmomin lahira na Hausa kusan duk Musulunci ya kawo su: lahira, ƙiyama, hisabi, siraɗi, Aljanna, Jahannama, barzahu. Masu fassarar 1932 sun ari abin da suke bukata daga wannan rumbu, amma ba su nemi suna ga aƙidar da suka ƙaryata ba. Mai koyar da Katikizim da Hausa sai ya zaɓi ɗayan biyu, ko dai ya ari kalmar Latin ya lanƙwasa ta, ko ya yi bayani ya ce halin tsarkakewa, kamar yadda Kiristocin Larabawa suka ƙirƙiro al-Maɗhar daga tushen da ya ba mu ɗahara.

Sau da yawa akan ji masu ilmi suna fassara Furgatori da barzahu. Wannan kuskure ne. Barzahu zaman jira ne na kowa da kowa, mumini da kafiri, daga mutuwa zuwa tashin ƙiyama, da ni'imarsa da azabarsa. A wurin Katolika kuwa, kamar yadda Fafaroma Benedict na Sha Biyu ya zartar a 1336, ana yi wa rai hukunci nan take, tsarkakakke ya shiga Aljanna tun kafin ƙiyama, Furgatori kuma ta masu tsira ce kaɗai. Haka nan La'arafi, tozon da ke tsakanin Aljanna da Wuta, bai dace ba, domin ba a ambaci tsarkakewa a kansa ba. Abin da ya fi kusa, a ganina, yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Kano: cewa mumini mai zunubi, in an yi masa azaba da wuta, imaninsa zai fitar da shi, kuma ceton Annabi (S.A.W.) yana fitar da masu manyan zunubai daga al'ummarsa. Ko a nan ma akwai bambanci, domin wannan bayan hisabi ne, kuma a cikin Wutar kanta. Ibn Abi Zaid ya rasu a 996 a Ƙairawan, a ƙasa ɗaya da Kartaj ta su Tartuliyan.

Inda kamar ta fi fitowa shi ne a kwanaki. Tsohon littafin Misa na Rum ya tanadi addu'a ta musamman a rana ta 3 da ta 7 da ta 30 bayan mutuwa. Kiristocin Gabas suna kiyaye ta 3 da ta 9 da ta 40. Ambrose, bishop na Milan, ya ambata a 395 cewa wasu suna kiyaye ta 3 da ta 30, wasu ta 7 da ta 40. Bahaushe kuma yana da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da gumba da waina da ake rabawa. Ba na cewa wani ya ara daga wani. Ƙididdigar ta girmi addinan biyu a ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Gardamar da ta biyo baya ma ta yi kama. Malaman Sunna sun haɗu a kan cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, sun saɓa a kan ladan karatu, inda sanannen ra'ayin Imamu Malik ya ƙi, malaman mazhabarsa na baya kuma da yawa suka yarda. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ware babi a Ihya'us Sunna domin rarrabe sunna da bidi'a a sha'anin jana'iza da kaburbura. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, suka ta tsananta a kan ware kwanaki da taron cin abinci da kuɗin da ake ba masu karatu, malaman ɗariƙu kuma suka kare al'adar a matsayin sadaka. Bambancin da ke tsakanin wannan da rikicin Turai shi ne, a Kano ba wanda ya ce a daina roƙa wa mamaci gafara. A kan rana da tsari da kuɗi aka yi jayayya.

Saboda haka, a fagen yi wa mamaci addu'a, ɗan Katolika a Kano ya fi kusa da maƙwabcinsa Musulmi fiye da ɗan'uwansa na cocin ECWA, wanda koyarwarsa ta ce a yi wa iyalan mamaci addu'a, shi kuwa mamacin sha'aninsa ya ƙare. Amma harshe yana da nasa hukunci. A bakin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kan titin Zariya, inda mabiya addinan duka suke fitowa da gawawwakinsu, ba wuya a ji Kirista Bahaushe ɗan Furotesta ya tari mai makoki da Allah ya ji ƙansa, domin Hausa ba ta ba shi wata gaisuwar ta'aziyya da ta kai wannan karɓuwa ba.