Taimakon Allah a labaran yaƙi na Tarihin Kano

Tarihin Kano littafi ne na Larabci da ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908. A wurare da dama littafin yana danganta nasarar yaƙi da addu'a da ibada.

Yaƙin Santolo

Littafin ya ce a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Yaji ya nemi su yi masa addu'a kafin ya auka wa Santolo, cibiyar masu bautar gargajiya. Suka yi, garin ya faɗi. Haka kuma littafin ya ruwaito cewa Kanajeji (1390–1410) ya koma ga tsafin Tsibiri bayan Zazzau ta fatattake shi, daga baya ya ci ta da yaƙi.

Kwatanci da Turai

Marubutan Kirista na Yaƙin Salibi na Farko (1096–1099) sun yi irin wannan fassara. Raymond na Aguilers ya danganta nasarar Antakiya ta 1098 da wani mashi da aka tono, wanda aka ce da shi aka soki Yesu. Idan an sha kashi kuwa, sukan ce zunubin mayaƙa ne ya jawo.

Muhimmanci

Masana tarihi suna karanta irin waɗannan ruwayoyi da lura, domin suna nuna imanin marubuci da yadda ake halatta mulki. Dalilai kamar dawakai, makamai da yawan mayaƙa sai an nemo su daban.